Mangwaron Inna a Cikin Barmil

Nafisa, makon jiya na ji kin fito daga wurin kakarki kina ƙunƙuni da Larabci, kina cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban tanka miki ba a lokacin, don maganar ta fi ƙarfin tsayuwa a bakin ƙofa. Ke da ƙannenki kun taso da labari ɗaya game da gidanmu: wai kakanku Malam Bello mutum ne mai taurin kai, ni kuma na yi masa tsaurin ido a gaban dattawa, shi ya sa kuka girma a Sinja ba a ƙauyenmu ba. Rabi na biyu ku bar shi yadda yake, don an yi, kuma da za a mayar da ni wannan yammacin abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Rabin farko nake so in gyara. Ni kaina sai da gemuna ya yi fari fat na san wane ne mahaifina, kuma ba na so ku jira tsawon haka.

Ƙauyenmu yana kudancin Jazira a ƙasar Sudan, a gefen babbar tur'a mai kai ruwa gonakin auduga, ba nisa da Hajj Abdalla. Larabawan da ke kewaye da mu kambo suke ce masa, wato bukkokin 'yan ƙwadago. Mu kuwa Zango muke cewa, ba mu taɓa raɗa masa wani suna ba, saboda a ganinmu ba gari ba ne. Kakan mahaifina ya taso a ƙafa daga ƙasar Sakkwato da jama'arsa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka ce bari su yi kaka ɗaya suna tsinkar auduga su wuce. Kafin su sauke kaya sun yi alkawari a tsakaninsu cewa tare suka fito, tare za su tashi, ba za a bar kowa a baya ba. Kakar nan ɗaya ce aka haifi kakana a cikinta, aka haifi mahaifina, aka haife ni. Mutane da yawa daga cikinmu sun hau jirgi sun sauke farali sun dawo, ana kiransu Alhaji, amma wannan ba a lissafa shi a tashi. Tashi shi ne ranar da Zango gaba ɗaya zai naɗe tabarma.

Saboda haka akwai abubuwan da ba a yi a wurinmu. Ba a gini da jan bulo. Ba a dasa itace a ƙasa, don wanda ya dasa ya gaya wa duniya ya fasa tafiya ke nan. To amma mata suna bukatar lemun tsami, suna bukatar lalle, kuma mata ba sa rasa dabara. Sai suka riƙa shuka a cikin gwangwanin mai da rabin barmil, wato gangar ƙarfen nan da ake yankawa biyu. Hujjarsu ita ce ranar tashi a ɗauka a aza a kan raƙumi. Ban taɓa jin wanda ya tambayi raƙumin ko ya yarda ba. Haka za ka shiga kowane gida ka tarar da 'yan itatuwa a tsaye cikin ƙarfe, gajeru, masu rawayar ganye, suna jiran ranar tafiya tare da mu.

Kowace shekara kuma, bayan an gama yankan dawa, akwai zaman sanda. Da la'asar magidanta za su taru a rumfar masallaci, mahaifina ya shimfiɗa sandar da kakansa ya dogara tun daga Sakkwato a kan tabarma, ya yi tambaya ɗaya.

"Jama'a, bana muna tashi?"

Daga nan sai a bi layi. Wannan ya ce matarsa na da tsohon ciki. Wancan ya ce tsohuwarsa ba ta iya zama a kan dabba. Wani ya ce ya riga ya zuba irin albasa. Tun da ba a barin kowa a baya, uzurin mutum ɗaya ya ishe mu duka, amma kowa sai ya kawo nasa don kada a ɗora wa wani shi kaɗai. Idan an gama sai a shafa fatiha, a ce sai baɗi in Allah ya kai mu, a sha shayi. Ina yaro wannan zama yana burge ni ƙwarai. Na kan koma gida in ɗaure 'yan tsummokarana in ajiye a ƙarƙashin gado, ko da baɗin zai zo da wuri.

Kakarku, Inna Hawwa, ba 'yar Zango ba ce. Daga wani ƙauyen Hausawa na bakin kogi kusa da Rusairis aka kawo ta, inda mangwaro ke yin duhu har yaro ya ɓace a ciki. Ta zo da ƙwallon mangwaro ɗaya daga gonar mahaifinta, ta shuka a rabin barmil a shekarar da ta haife ni. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "kai wanga", shi kuwa mangwaron ta ce masa sa'ana. Na yi shekara talatin, na yi gemu, na haife ki, sa'an nawa bai wuce ƙirjina ba. Duk shekara zai yi fure kamar da gaske, furen ya zube ƙasa. Ta kan wanke masa ganye da hannu idan ƙura ta yi yawa, ta canza masa ƙasa, ta zuba masa kashin awaki. Ba mace ba ce mai kai ƙara. Sau ɗaya tak na ji ta faɗi abin da ke ranta, muna zaune tana tankaɗe, ba ma ni take kallo ba.

"Ni dai so nike in zamna inuwar abin da nid dasa da hannuna, ko yini guda na, kahin a kai ni inda ba a dawowa."

A lokacin ina koyar da kimiyya a sakandaren Hajj Abdalla, kuma akwai darasin da na fi so fiye da kowanne. Da Larabci muke karantar da shi, yana da sunansa mai nauyi a littafi, amma in na ga yaran Hausawa sun yi zuru sai in ce musu ƙyuya ce kawai. Kowane abu yana da ƙyuyar canza halin da yake ciki. Wanda ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, wanda ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe, har sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Kuma gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙyuyarsa. Na kan aza kofin shayi a kan takarda in fizge takardar, kofin ya zauna daram, yara su yi ta shewa. Na kan tuna musu yadda kawunansu ke karo idan direban lori ya taka birki, motar ta tsaya amma jikinsu bai samu labari ba. Sannan in ba su misalin da ya fi damuna ni kaina: kana zaune cikin jirgin ƙasa a tasha, jirgin da ke gefenka ya fara motsi, sai ka rantse naku ne ya tashi. Duk ranar da na ba da wannan misali, in na hau keke zan koma gida na hango Zango a gefen tur'a, ruwa na wucewa yana wucewa, sai in tuna da jirgin nan da ke tsaye a tasha.

A shekarar da nake ba ku labari wani jami'i ya zo daga gunduma. Ya ce duk kambon da dattawansa suka zo suka faɗa da bakinsu cewa sun zauna, za a yanka musu filaye, a kafa musu tankin ruwa, a gina aji. Mu kuwa ruwan tur'a muke sha tare da jakunanmu. Tsargiya ta zama ruwan dare, har yaron da bai fara fitsarin jini ba abokansa sukan yi masa dariya wai bai girma ba. Na ce a raina ga ƙarfin da ke zuwa daga waje ya iso. Kuma ba zan ɓoye muku ba, kafin tanki da aji, barmil ɗin Inna na fara hangowa.

Ban yi garaje ba. Gida gida na bi, mutum mutum, a gona, a bakin tur'a, a hanyar kasuwa. Abin mamaki, ban samu wanda ya musa mini ba. Kowa in ka keɓe shi sai ya rage murya ya ce ai shi ya daɗe da wannan tunani. Baffa Ɗanjuma, ƙanen mahaifina, mutum mai barkwanci da ba ya raina abin dariya, har dafa kafaɗata ya yi.

"Ya zol, kai ɗana, ni ko gobe a kawo bulo. Wace Makka? Gwiwar ga tawa ko kasuwar Hajj Abdalla ba ta kai ni sai da jaki. Kai dai hwaɗa, muna bayanka."

Mahaifina na bari a ƙarshe. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, na durƙusa na yi masa bayani tun daga tanki har zuwa jirgin da ke tasha. Ya saurare ni har na gama, hannunsa bai daina tufka ba. Shi ma ba ya kama sunana. Tun da na fara koyarwa yake ce mini Ustazu, kuma ban taɓa rarrabe ko yabo ne ko zolaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne maganar jama'a ba a yanke ta a zaure, in bari sai zaman sanda. Na fito ina murna, don a lissafina wanda bai ce a'a ba ya kusa cewa to.

Ranar zama ta zo. Aka shimfiɗa sanda, aka yi tambaya, aka fara bin layi. Mutumin farko, wanda shekaranjiya ya nuna mini inda zai kafa ɗakin bulonsa, ya ce saniyarsa ta kusa haihuwa. Na biyu ya ce 'yarsa za ta tare bayan salla. Na zuba wa Baffa Ɗanjuma ido. Ya gyara murya ya ce shi kam a shirye yake, gwiwa ce dai ta ɗan matsa masa bana, amma baɗi da yardar Allah shi ne a gaba. Gwiwar da ya ba ni hujjar zama da ita, ita ce ya mayar hujjar jira. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kowa ya buɗe baki ne kawai, maganar bara ta fito da kanta. Da layi ya zo kaina ban miƙe ba, amma muryata ta fi yadda na so ƙarfi.

"Baba, ku gahwarce ni, ni ba ni da uzuri. Ba ni tashi bana, ba ni tashi baɗi. Mun iso tun ba a haihe ku ba. Ɗiyanmu na hitsarin jini, uwata ta tsuhwa tana ban ruwa ga itace cikin barmil, ko inuwar da kaza ka laɓewa bai yi mata ba. In tahiya mukai, a ɗauki sandar ga yanzu mu kama hanya. In ko zamne muke, mu hwaɗi mu huta."

Ambaton mahaifiyata a bainar maza shi ya fi komai nauyi, na sani, kuma da gangan na yi, don ita ce gaskiyar da ta fi kusa da shi. Mutanen da suka ce suna bayana duk suka sami abin kallo a yatsun ƙafarsu. Mahaifina ya daɗe yana duban sandar. Da ya ɗago babu fushi a fuskarsa, kuma da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kun dai ji. Ustazu ya iso, Allah shi ba shi albarkar masauki. Mu da munka rage muna bisa hanya. A yi hwatiha."

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, aka ce sai baɗi, aka kawo shayi. Ba wanda ya kore ni daga Zango, wannan ku riƙe shi da kyau. Ana gaishe ni, ana amsa gaisuwata. Sai dai in na doso majalisa hira takan canza, kuma tun da na ce na sauka, babu sauran wurina a zaman matafiya. Jami'in gunduma ya jira ya gaji, tankin ya tafi wani kambo da ke gaba da mu. Na nemi canjin wurin aiki, aka ba ni Sinja. Ranar da za mu tafi Inna ta yi mana kisra ta hanya, wato siririyar gurasar dawar nan. Na lura ta yi sabuwar doka, faifan ƙarfen nan da ake gasa kisra a kai, mai kaifin baki har sai da ta naɗe gefensa da tsumma. Na kuma lura an jawo barmil ɗin mangwaro daga jikin katanga zuwa tsakiyar gida. Ban kawo komai a raina ba, zuciyata a cike take. Mahaifina ya rako mu har bakin tur'a, ya shafa kanki, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya juya.

Bayan damina biyu na zo hutu na tarar sa'ana ya wuce kaina. Da aka ƙara wasu shekaru sai ga shi ya haura katanga, ya yi rassa, ya fara 'ya'ya. Duk mai ido ya san saiwarsa ta shiga ƙasa. Aka ce tsatsa ce ta cinye gindin barmil, kuma abin da tsatsa ta yi ai ba laifin kowa ba ne. Ba a jima ba tsatsar nan ta zagaye gari. Lemun gidan Baffa ya yi tsawo, gwaibar gidan liman ta yi, lallen mata ya zama shinge. Amma kowane itace da zoben ƙarfensa a gindi, don muddin zoben na nan, a cikin barmil yake, ranar tashi za a ɗauka. In zobe ya ruɓe har sabo ake yankowa a zagaya masa. Na sha tsayawa ina kallon mangwaron Inna, wanda mutum biyu ba sa iya rungume shi, da ɗan ƙarfensa a ƙafa kamar munduwa, in rasa dariya zan yi ko kuka.

Shekarar da ya fara 'ya'ya wani direban lori ya kawo mini kwando guda har makaranta a Sinja, ya ce daga gida, babu wani saƙo. Na ɗauka Inna ce. Na ci gaba da zuwa Zango duk hutu da duk salla, in durƙusa in gaida mahaifina, mu yi maganar damina da ciwon bayansa, a ƙarƙashin inuwar itacen nan. Bai taɓa ɗaga kai ya ce dubi yadda ya girma ba, ni ma ban taɓa ba. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa. Ba cewa na yi daidai ba, a'a, ya dai nuna ya ji ni a ranar nan. Har ya rasu bai faɗa ba. Na yi kewarsa tun yana da rai, kuma wannan kewa ta fi ta bayan mutuwa ciwo. Sanda ta koma hannun Baffa Ɗanjuma, aka ci gaba da tambaya, aka ci gaba da sai baɗi.

Na ci gaba da koyar da darasina har na yi ritaya, amma na daina cewa ya shafi mutane kai tsaye. A aji, nauyin tulin duwatsu shi ne nauyin kowane dutse in an haɗa. Mutane ba haka suke ba. Kowane mutumin Zango shi kaɗai da ɗan yatsa za ka ture shi, amma in sun zauna a tabarma ɗaya kowa yana ɗauke da idon ɗan'uwansa, kuma waɗanda ke kwance a maƙabarta su ma suna cikin awo. Wanda ya fara cewa mun zauna ya ce wa kakansa tafiyarka ta tashi a banza, ka mutu a rabin hanya. Ni na iya faɗa saboda ba ni ke riƙe da sanda ba.

Sai yaƙin nan ya zo, wanda ba sai na ba ku labarinsa ba. Da masu bindiga suka fara shiga ƙauyukan kudancin Jazira, na samo lori daga Sinja na tafi ɗauko Inna. Na tarar da Zango a tsaye. Garin da ya shekara ɗari yana cewa sai baɗi ya naɗe tabarmarsa tsakanin sallar asuba da hantsi. Ba a shimfiɗa sanda ba, ba a tambayi kowa uzurinsa ba, ga masu ciki, ga marasa lafiya, ga albasa a gona. Abu ɗaya suka riƙe, kuma har gobe ina alfahari da shi: ba a bar kowa a baya ba. Makaho, gurgu, tsohuwar da ba ta da kowa, duk sai da aka aza su a amalanke kafin mota ta farko ta motsa.

Inna na same ta zaune a gindin mangwaro, ta tsufa har ba ta iya miƙewa sai an kama ta. Ba ta ɗaure tufafi ba, ba ta ɗauki kwano ba. Abu biyu ne a gabanta: wani ɗan tsiron mangwaro da ya fito a ƙarƙashin uwar, ta ciro shi ta sa a gwangwanin madara, da tsohuwar dokarta ta kisra, baƙa ƙirin, duk ta lanƙwashe. Na ce ta bar dokar, mota ta cika, a Sinja akwai wadda ta fi ta. Ta riƙe ta da hannu biyu.

"Kai wanga, ba ka san mi na ba? Gindin barmil na. Wanshekaren zaman da kay yi maganar ga, da hantsi, kowa ya tahi gona, babanka yaz zo da kurfi da guduma. Shi yag gina ramin, ni nir riƙe itacen, munka kwantar da barmil yac cire gindin. Hannunai har jini yay yi. Yac ce in an tambaya in ce tsatsa ta."

Na tsuguna a gabanta. Na tambaye ta me ya sa bai taɓa gaya mini ba, shekara da shekaru ina zuwa ina zama a gabansa.

"Yac ce kai kana iya hwaɗi, shi sai dai shi yi. Kwandon da anka kai maka Sinja, wa kaka tsammani yah hau yat tsinko?"

Ana ta danna mana oda a waje, mata na kiran 'ya'yansu, ni kuwa ina tsugune ina kallon dokar. Duk kisrar da na ci a gidan nan tun daga ranar da muka bar Zango, a kan amsar mahaifina aka gasa ta, ina ci ina jin haushin bai amsa mini ba. Na ɗauki Inna na kai mota, na dawo na ɗauki dokar. Da muka hau hanya na gaya wa Baffa Ɗanjuma, yana zaune a kan buhu rungume da sanda. Sai ya ce shi ma lemunsa da hannunsa ya huda gwangwanin, shekara da shekaru yana jin kunya yana zaton shi kaɗai ne ya ci amanar kakanni. Wani dattijo a bayanmu ya ce shi ma. Ba wanda ya yi dariya. Muka juya muna kallon Zango yana ƙanƙancewa, babu abin da ake hangowa sai kawunan itatuwa.

Sauran rabin darasin kuma ya cika a kanmu, don abin da ya fara tafiya ba ya tsayawa da kansa. Ba mu daɗe a Sinja ba ita ma ta tashi, muka gangaro nan Damazin wurin dangin Inna. 'Yan Zango sun watsu. Wasu suna Bur Sudan, wasu Masar, wasu samarin sun haye teku, na ji har akwai masu wankin mota a Makka. Sun isa inda kakanmu ya nufa, kuma duk wanda ya bugo waya tambayarsa ɗaya ce, ko an ji labarin gida. Gida suke cewa. A da ban taɓa jin ɗan Zango ya kira shi da wannan suna ba. Ni kaina ba dare ba rana ina ganin tur'ar nan da na tsana, da rumfar da aka kunyata ni, kuma da za a ce in zaɓi wuri ɗaya a duniya in yi sallar la'asar, can zan zaɓa.

Yanzu ki dawo kan makon jiya. Kin ga ɗan mangwaron nan ya matsu a gwangwanin madara, ganyensa ya fara rawaya, kika ji tausayinsa. Kin san labarin yadda kakarki ta yi rabin rayuwarta tana marmarin dasa itace a ƙasa, don haka kika ɗauki fartanya kika gina rami mai kyau a tsakar gidan nan, inda dangi suka ce mu zauna iyakar yadda muke so. Kika zo da murna za ki ba ta abin da aka hana ta. Ina zaune a bakin ƙofa na ji ta ce ki mayar da ƙasar ki rufe ramin, ki nemo gwangwani babba. Kika kira ta Habboba, yadda kuke kiran kaka da Larabci, kika ce ai nan ba mai hana ki. Amsar da ta ba ki da Hausar tsofaffi ce, na san ba duka kika kama ba, shi ya sa na rubuta miki wannan duka don ki ji ta yadda ta faɗa.

"Na san ba mai hana ni, ɗiyata. Sa shi cikin gwangwani, kuma kar ki huda gindin. Nan kam bisa hanya muke."